Lambar da Kowa Yake Ɗauka

Abu uku na shiga harkar nan da su: shago ɗaya a unguwar Barbès ta Paris kusa da gadar jirgin metro, murya wadda mutanenmu suka sani, da lambar waya guda da ban taɓa canzawa ba tun zuwana Faransa. Shagon haya ne. Muryar ban saye ta ba. Lambar ce jarina na gaskiya, ko da yake a lokacin ban sa ta a lissafi ba.

In lambar nan ta yi ƙara a aljihun Bahaushe a Paris, ɗauka yake, ko yana bakin aiki, ko yana tsakiyar cin abinci. Dalili shi ne ni nake sanarwa. Ba wanda ya naɗa ni. Ina sayar da wayoyi, ina aika kayan mutane gida, saboda haka lambar kowa tana wajena, sai ya zamana in an haihu ni ake fara gaya wa, in an rasu ma ni. Ina kira ɗaya bayan ɗaya, in faɗi wuri da lokaci. Mutum ya ga sunana, ya san ko dai suna ne ko jana'iza. Albarkacin haka cinikina ya zauna, don wanda ya kira ka ranar rasuwar mahaifinka ba ka tsoron ba shi akwatinka.

Matata ta yi jinya mai tsawo kafin ta rasu. A wannan jinya na koyi abin da ban koya ba a duk zamana: inshorar gwamnati tana biyan nata kaso, sauran kuwa, kamar kuɗin kwana a asibiti da ɗakin da za a bar mara lafiya ita kaɗai, in ba ka da inshora ta biyu, wadda ake ce wa mitiyel, daga aljihunka zai fito. Ba mu da ita. Na biya, ban yi gardama ba. Bayan an gama zaman makoki na koma shago. Ina buɗewa, ina rufewa. Abinci yana shiga, ban san ɗanɗanonsa ba. Mutane suna cewa na yi haƙuri, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, ba na jin komai ne kawai.

Cikin masu zuwa gaisuwa a makare akwai ɗiyar wani abokina ɗan Maraɗi. A Lyon ta girma. Ta yi aiki a wani babban kamfanin inshora, ta ajiye, ta buɗe nata ofis, ɗaki ɗaya a saman wani gidan burodi. Ba ta ƙarƙashin kowa. Tana haɗa mutum da kamfanin da ya dace da shi, kamfanin ya ba ta la'ada. Bayan addu'a na tambaye ta aiki.

“Kawu, aiki sai a hankali,” in ji ta. “Sanin abin ba shi ne matsala ba. Wanda zan gaya wa ne babu.”

“Ina kike samun mutane?”

“Saye nake. Akwai masu tara sunayen waɗanda suka nemi bayani a intanet, su sayar mana. Kafin in kira mutum, wasu huɗu sun riga ni. Yana ɗauka da zagi.”

“Kina sayen kayan da aka sayar wa wani ke nan.”

“Haka ne. In shekarar nan ta ƙare a haka, zan mayar da makulli in koma neman aiki.”

Ta ce abin da take so shi ne mutane su zo da ƙafarsu. A yi gajerun bidiyo da Hausa, a bayyana abu ɗaya a kowanne, a sa shafi a ƙasa inda mai so zai rubuta sunansa da lambarsa ya yarda a kira shi. Hausarta ta gida ce, tana karyewa in magana ta yi tsawo. Tawa ba ta karyewa. Ta ce duk wanda ya sa hannu ta hanyata ina da rabo. Na yarda. Ban ji wani ɗoki ba. Na ga dai kaya ne mai kyau, na kuma san yadda rashinsa yake.

Bayan la'asar nake yin bidiyon, in jingina waya a kan kwali. Ta koya mini ƙa'ida: kada in yi talla, in yi bayani, in ƙare da abu ɗaya da nake so mai kallo ya yi. Na yi ɗaya a kan haƙori, ɗaya a kan tabarau, ɗaya a kan watannin jira da wasu kamfanoni suke sawa kafin su fara biya, ɗaya a kan tambayoyin da za ka yi kafin ka sa hannu. Na yi ɗaya a kan kuɗin kwana a asibiti, ban ambaci matata ba, amma kowa ya san inda na koya. Ina sa su a zauren waya na 'yan ƙasarmu, wanda ni na buɗe shi don sanarwa, daga nan su bazu.

Maƙwabcina a layin, wani Ba'adare mai sayar da shadda, yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallo.

“Alhaji, gyara hula. Yanzu kai ɗan wasa ne.”

“Matsa, kana tare mini haske.”

“Ka faɗa musu akwai inshorar furfura?”

“Taka ta wuce gyara. Ba kamfanin da zai karɓa.”

Sunaye suka fara zuba. Ta kira ni daga Lyon muryarta a sama, ta ce ba ta taɓa ganin haka ba. Ba a daɗe ba ta sake kira, muryar ta sauka. Rabin mutanen ba sa ɗaukar lambar da ba su sani ba. Masu ɗauka kuma sai su gaishe ta da kyau, su tambayi iyayenta, sannan su ce, “Ai don Alhaji muka cika.”

“Kawu, me ke nan? Wani ya cika wa kansa, ya cika wa matarsa, ya cika wa ƙanensa da ke Tasawa.”

Na gane nan take. Kara ce. Naka ya yi biki, ka je. Ya buɗe shago, ka sayi ko da allura. Alhaji ya sa shafi a intanet, ga shi bai daɗe da rasa iyali ba, sai ka cika masa. Ba wanda ya yi ƙarya. Gudummawa suka kawo, a tunaninsu yawan sunayen ne yake amfana ta.

Shawarar da ta biyo baya tawa ce. Na ce tunda ba sa ɗaukar tata, ni zan riƙa kira. In an ɗauka in yi gaisuwa, in ce ga ɗiyata, in haɗa layin mu zama uku. Ta ce ba ta so ta ɗora mini. Na ce lokaci ne da ni ba abin yi da shi. Wannan gaskiya ne.

Abin ya yi aiki. Mutum ya ji muryata ya saki jiki, ita kuma ta san aikinta, ba ta tura wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa. Wasu ta ce musu kamfanin da suke wa aiki ya riga ya yi musu, kada su biya sau biyu. Wasu ta ce kuɗin shigarsu kaɗan ne, akwai taimakon gwamnati, su nemi wannan. 'Yan kasuwa masu zaman kansu da tsofaffi su ne suka sa hannu.

Wanda ya fara sa hannu da gaske wani tsohon tela ne. Shi ya saukar da ni a ɗakinsa a Saint-Denis lokacin da na zo ba ni da kowa, ya ba ni katifa, ya nuna mini yadda ake shiga metro. Daga baya aiki ya mai da shi Lyon, ya zauna can. 'Ya'yansa suna gida, shi kaɗai yake. Idonsa ya yi rauni har ya ajiye keke. Ta shirya masa komai, ya samu tabarau masu kyau. Na hau jirgin ƙasa na je Lyon don mu ɗauke shi a bidiyo.

“Kai, ɗan Damagaram,” in ji shi da ya ga na fito da waya. “Da ka zo ƙasar nan ba ka san ko gefen da ake sa tikiti ba. Yanzu kai za ka sa ni a talabijin?”

“Baba, zare kawai za ka sa a allura.”

“Shekara nawa ina sa zare ba wanda ya kalla.”

Ya lasa bakin zaren, ya ɗaga allura wajen taga, ya zura sau ɗaya. Ya dubi waya ya ce, “To, kun gani.” Iyakar bidiyon ke nan. Ya fi duk waɗanda na yi surutu a cikinsu yawo. Har daga Marseille aka cika shafin.

Injin kwamfutar da take aiki da shi yana da gida uku ga kowane suna: ya yarda, ya ƙi, a sake kira. Kowace safiya yana turo mini waɗanda za a sake kira. Matsalar ita ce mutanenmu ba sa cewa a'a, balle ga wanda ya girme su. “Sai na yi shawara.” “Bari wata ya ƙare.” “In Allah ya yarda zan neme ka.” Ita da ta tashi a Lyon tana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, ta sa su a gida na uku. Ni na san abin da suke nufi. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan kanta ya sani. Amma a kasuwa na sha ganin wanda ya yi shawara sau uku ya saya a na huɗu, kuma sunayen suna zuwa da safe, suna cika mini awannin da ban san yadda zan yi da su ba. Ina bi daga sama zuwa ƙasa kamar mai jan carbi. Gidan “ya ƙi” ya zauna kusan babu kowa. Wanda ya shiga na uku ba shi da ƙofar fita, don ba zai iya faɗa mini kalmar da za ta fitar da shi ba.

Gaisuwa ta fara gajarta. Da in na kira ana tambayar gida, da sanyi, da labarin ƙasa, da haƙurin rashi. Sai ta koma “Alhaji, lafiya?” Sai ta koma “Alhaji, ina wajen aiki.” Sai wayar ta riƙa ƙara har ta gaji. Na lura. Na ɗauke shi kamar yadda nake ɗaukar ruwan sama ranar kasuwa.

Ba'adaren ya faɗa mini a fili, muna shan shayi.

“Da in na ga kiranka gabana faɗuwa yake, in ce wa ya tafi. Yanzu in na gani sai in taɓa haƙorina.”

“Kai ma ba ka ce a'a ba.”

“Yaya zan ce maka a'a? Kai ka yi wa tsohona wanka. Na ce maka sai na yi shawara.”

“Ka gama shawarar?”

“Tun ranar farko.”

Muka yi dariya. Na cire sunansa. Sauran ban cire ba, don su ba su zo shan shayi ba.

Wata safiya ina ɗaga ƙofar shago ɗiyar abokina ta kira ni. Telan ya rasu a asibiti. Ya kwana biyu a ajiye suna neman danginsa, sai suka ga katinta a aljihun rigarsa. Ya taɓa gaya mata a binne shi nan, kada a wahalar da kowa da kai gawa gida. Ta bi takardu, an ba da lokacin jana'iza gobe bayan azahar, kuma ba za a ƙara lokaci ba.

Na ce to. Na zauna a kan kujera, na fara abin da na saba. Na sa saƙon murya a zaure, na buɗe da sallama yadda nake buɗe kowane saƙo. Sannan na fara kira.

Ta yi ƙara, ba a ɗauka ba. Na gaba, haka. Na gaba ya katse. Akwai mutane a Paris da telan ya ɗinka wa kayan aure bai karɓi komai ba, akwai waɗanda suka kwana a kan katifar da na kwana. Su na fara nema. Ɗaya ya ɗauka.

“Alhaji, wallahi ban manta ba. Ina cikin metro. Ƙarshen wata in sha Allah.”

“Tsaya, ba—”

Layin ya mutu. Na sake kira, bai ɗauka ba.

Na duba zaure. Mutum uku suka saurari saƙon. Daga baya na ji yawancinsu sun daɗe da kashe ƙarar zauren, ba su fita ba saboda kunyata, amma ba sa buɗewa. Na rubuta saƙon da hannu, na tura wa kowa. Ya shiga ƙarƙashin tarin waɗanda na riga na tura musu na tuni, waɗanda su ma ba a buɗe ba.

Ban ji haushi ba. Ina kira, ina jin ƙarar, ina kallon masu wucewa a ƙarƙashin gada. Wata mata ta shigo ta sayi caja, na ba ta canji daidai.

Sai wajen la'asar dabara ta zo mini. Na shiga wurin Ba'adaren na ce ya ba ni wayarsa. Ya ji abin da ya faru, ya rufe shago, ya zauna, ina karanta lamba yana kira. Waɗanda suka san lambarsa sun ɗauka. Ba su da yawa, shi mutumin shago ne, ba mai yawo ba. Cikinsu ma wasu an riga an tsara musu aikin gobe, ba halin canzawa a ƙurarren lokaci. Da sun ji da safe, da sun nemi wanda zai tsaya musu.

Washegari muka hau jirgi mu biyu, ni da Ba'adaren. Bai yi wasa ba ko sau ɗaya har Lyon. Mu muka yi wa telan wanka. A masallaci sahu ya cika, don Larabawan unguwar sun tsaya bayan azahar kamar yadda suke yi wa kowane Musulmi, Allah ya saka musu. Ba su san shi ba. Liman ya tambaye ni sunansa kafin ya tayar. A maƙabarta mu biyar ne: ni, Ba'adaren, mutum biyu mazauna Lyon, da wani direban tasi da ya taso daga Paris da motarsa bayan kiran jiya. Ita ta tsaya can bakin ƙofa. Ma'aikatan wurin suka kama mana wajen saukar da shi.

Bayan nan muka je ɗakinsa kwashe kaya. Keken ɗinki yana buɗe, da wando a ƙarƙashin allura bai gama ba. Tabarau suna kan tebur. Ta ɗauke su ta juya, ta ajiye.

“Kawu, ni na jawo.”

“Ba ke ba. Injinki bai san mu ba, ke ma ba ki gama saninmu ba. Ni na sani.”

“Yanzu me za mu yi?”

“Duk wanda ya ce sai ya yi shawara, sa shi a gidan ‘ya ƙi’. In yana so zai neme ki. Ni kuma na daina kira.”

Ta ce ciniki zai ragu. Na ce zai ragu.

Cikin makon mutane suka fara zuwa shago, ɗaya ɗaya, bibbiyu. Sun ji a wajen sallar Juma'a. Su zauna, a yi addu'a, sannan wani ya ce, “Amma Alhaji, irin wannan ai da an sanar da mu.”

“Na kira.”

Sai ya ciro waya ya duba, ya ga sunana, ya mai da ita aljihu. Ba wanda ya ba ni haƙuri, ni ma ban ba kowa ba. Mai maganar metro ya zo da kwalin dabino, ya daɗe a zaune, da zai tafi ya ce in ba shi lambar 'ya'yan telan. Na ba shi.

Bidiyon suna nan suna yawo. Ta ɗauki maganata ta rubuta a shafinta da Faransanci da Hausa, yanzu baƙi ne suke samunta in sun yi bincike, 'yan Mali, 'yan Kamaru, 'yan Nijeriya masu karatu. Waɗannan ba su san ni ba, ba sa mini kara, in ba sa so sai su ce ba sa so. Ta ce aiki da su ya fi sauƙi. Bidiyon allurar kuwa ta tambaye ni ko a sauke shi. Na ce a bar shi, shi ya yarda da bakinsa, kuma abin da ya nuna gaskiya ne.

Ga lissafin yadda ya tsaya. Ba ta mayar da makulli ba, ofishinta yana nan a saman gidan burodi. Gidaje da dama cikin mutanenmu suna da inshorar da ni ban samu ba lokacin da nake buƙata, kuma na ga wanda aka kwantar ya fito bai sayar da kayan shagonsa ba. Telan ya yi ɗinki da idonsa har makonsa na ƙarshe. Rabona yana shigowa, ina biyan haya da shi. A ɗaya gefen, mutum biyar a bakin kabarin wanda ya ba ni katifa. Sanarwa yanzu Ba'adaren yake yi. Ni na kwafe masa lambobin, na gaya masa kada ya kira kowa da wayar nan sai don haihuwa ko rasuwa, ko da shaddarsa za ta ruɓe a shago. Tawa lambar ban canza ta ba. In na kira yanzu, wasu suna ɗauka, wasu suna bari ta gama ƙara, sannan su kira Ba'adaren su tambaye shi ko lafiya.